Su ma suna da mutanen ɓoye

Ranar da na fara shiga bas daga Douglas zuwa Castletown, a nan tsibirin Man da ke cikin teku tsakanin Ingila da Ailan, muna isa wata 'yar gada sai na ji fasinjoji suna gaisuwa, wasu har da ɗaga hannu. Na leƙa ta taga, ba kowa. Dattijuwar da ke gefena ta ce aljanun gadar ake gaidawa, wanda ya wuce bai tanka ba kuwa shi ya jiyo.

Mutanen tsibirin ba sa kama sunan aljanun ma. Da harshensu sukan ce mooinjer veggey, wato ƙananan mutane, kamar yadda muke sakayawa mu ce mutanen ɓoye.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne glashtyn. Daga ruwa yake fitowa, yau ɗan doki, gobe kyakkyawan saurayi mai baƙin gashi da ke yaudarar 'yan mata, sai dai kunnuwansa masu tsini kan tona masa asiri. Akwai kuma cabbyl-ushtey, dokin ruwa, wanda in ka hau shi ya zarce da kai ƙarƙashin ruwa. Duk wanda ya tashi a bakin gulbi a gida ya san wannan labari. Da 'yan ruwa kakata take hana mu wanka a kududdufi bayan almuru, kuma ya yi aiki fiye da bulala. Shi kuwa buggane dodo ne mai rikiɗa. Cocin St Trinian na nan tsaye ba rufi, wai duk sanda aka rufa sai ya zo ya yaye.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu 'yan boko muna jin kunyar namu, mu kira shi ƙauyanci. Aljani dai akwai shi, sura guda ce a Alƙur'ani. Amma Dodo da 'yan ruwa na tatsuniya dukiyar harshe ce, ba wanda ya ce a bauta musu. Mutanen tsibirin Man sai da harshensu ya kusa mutuwa, har Ned Maddrell, na ƙarshe da ya tashi da shi a baki, ya rasu a 1974, suka farga suka koma koya wa yara a makaranta.

Ni dai in mun zo gadar bismillah nake yi a hankali. Dattijuwar ta ɗauka gaisuwa ce, har ta yaba mini.