Wa ya ce ku jera alewa daidai idon ɗana?

Raina a ɓace na dawo daga cefane yau, kuma har yanzu bai huce ba. Na fita da ɗana mai shekara uku domin ba ni da wanda zan bar wa shi. Tun a gida na rubuta abin da zan saya, na ƙirga kuɗina tsaf, na nufi wani babban kanti da ya lilliƙa takardun rangwame tun daga bakin ƙofa. Rangwamen nan ne ya kai ni, ba wani abu ba.

Kayan da kowane gida ke nema, irin su madara da ƙwai, an kai su can ƙuryar kanti. Kafin ki isa sai kin ratsa layin biskit da na kayan wasa, yaro na zaune a keken turawa yana miƙa hannu dama da hagu. Na ƙwace wannan na mayar, ya ɗauko wancan.

Shi kansa rangwamen yaudara ce. An rubuta da jan baƙi ɓaro-ɓaro cewa in ka sayi madara biyu za a ba ka ɗaya kyauta. Na juya kwalin, ashe saura kwana huɗu ta lalace. Wane ƙaramin gida ne zai shanye kwali uku a kwana huɗu? Na koma wajen garin sabulun wanki, kwali yana nan girmansa, farashi yana nan, amma nauyin da ke ciki ya ragu, kuma an rubuta shi ƙanana kamar sawun tururuwa a gindin kwali. In kina son sanin wanne ya fi araha tsakanin babba da ƙarami, dole ki raba farashi da giram. Ina tsaye da waya ina wannan lissafi, yaro ya kama rigata: "Mama, fitsari." Na tambayi wani ma'aikaci, ya ce banɗakin na ma'aikata ne kaɗai. Wurin da ke karɓar kuɗin iyaye dare da rana, amma babu inda ƙaramin yaro zai zaga!

Abin da ya fi ƙona min rai a wurin biyan kuɗi ya faru. Layi dogo, akwatin kuɗi biyu kacal ke aiki, kuma hagu da dama an jera alewa da cakulan a ƙasa-ƙasa, daidai tsayin ɗan shekara uku. Babba sai ya sunkuya zai ɗauka, to wa aka ajiye wa? Ya damƙi ɗaya, na karɓe, ya zube ƙasa yana birgima yana tsala ihu. Wata mata a bayana ta ce, "Haba baiwar Allah, ki saya masa mana, nawa take?" Wani kuma ya girgiza kai yana maganar tarbiyyar yaran yanzu. Duk ido ya dawo kaina, babu wanda ya dubi mai kantin da ya ɗana tarkon.

Kada wani ya ce min tsautsayi ne. Da gangan ake yi, kuma hukumomi sun sani. A Ingila, tun 1 ga Oktoba 2022 doka ta hana manyan kantuna ajiye kayan zaƙi da maiƙo a wurin biyan kuɗi da bakin ƙofa da ƙarshen layi. Birnin Berkeley na Amurka ma ya kafa irin wannan doka a 2020. Da ba a ga yadda ake amfani da kukan yara ana tatsar iyayensu ba, ai da ba a zauna an rubuta doka ba.

Da layi ya iso kaina, na'ura ta nuna farashin man girki sama da wanda ke manne a kantar da aka jera shi. Na yi magana, mai karɓar kuɗi ta ce, "Hajiya, wannan rangwamen ya ƙare tun jiya." Na ce to me ya hana ku cire takardar? Ta ɗaga kafaɗa. Yaro na kuka a kafaɗata, wandonsa ya jiƙe, mutum goma na jira a baya, na biya na fito.

Yanzu yana barci da sawun hawaye a kumatu. Rasit ɗin yana hannuna, na ja layi a ƙarƙashin man girkin. Gobe da safe zan koma, sai na ga manaja ido da ido ya mayar min da canjina.