Nasiha ga Matasan Karkara Masu Wasan Barkwanci a Waya

Ya ku 'yan'uwana matasa, daga Ringim zuwa Gumel yanzu da wuya a sami ƙauyen da babu samarin da ke ɗaukar wasan barkwanci da waya suna ɗorawa a TikTok da Facebook, wannan ya fito a kansila, wancan ya fito a ciyaman. Ban ga laifin hakan ba, domin abin da kuke yi gado ne. Iyayenmu sun yi kalankuwa bayan kaka, inda samari kan naɗa sarki da alƙali da ɗan doka a tsakaninsu, su kwaikwayi yadda ake shari'a da karɓar haraji, manya na kallo suna dariya alhali kowa ya gane inda aka dosa. A tashen azumi ma, yaro kan liƙa gemun auduga ya yi wa dattijon banza hannunka mai sanda, ba wanda ya isa ya mare shi.

Abin da ke damuna shi ne da yawanku sun ɗauki zagi a matsayin gugar zana. Ku dubi Malam Aminu Kano, wanda tun yana ɗalibi a kwalejin Kaduna yake rubuta wasannin kwaikwayo a kan zaluncin En'e, wato hukumar sarakuna ta zamanin Turawa, da cutar da ake yi wa baƙauye idan ya shiga kasuwar birni. Abin da ya sa a gaba shi ne halin da talaka ke ciki: haraji, jangali, aikin tilas, da alƙalin da ke duban aljihu kafin ya yanke hukunci. Bai kuma tsaya a kan dandamali ba. Aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, mutane suka sha ɗauri da duka, aka yi ta bin ƙauyuka ana wayar da kai, sai bayan PRP, jam'iyyar Malam Aminu, ta ci zaɓen gwamna na 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda a lokacin har da mu Jigawa a ciki. Kusan shekara 30 ke nan tsakani. Wasan ya rage wa mutane tsoron hakimi da dagaci, ya sa manomi ya gane ba shi kaɗai ake cuta ba, amma ƙuri'a da haɗin kai ne suka ƙarasa aikin.

Saboda haka ina roƙonku ku bar ƙirar jikin mutum da iyalinsa, ku kama aikinsa. Wasan da ya nuna buhun taki ɗaya ana raba wa magidanta goma da kwano, ko rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa ta ƙafe bayan mako biyu, ya fi zagi ciwo, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ambaton suna da ƙazafin da ba ku da hujjarsa kuwa yana da tsada: a Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu da tarar naira 10,000 saboda wasan da suka yi a kan gwamnan lokacin. A ganina hukuncin ya yi tsauri, amma ku san da shi kafin ku danna waya.

Sai kuma maganar kuɗin 'yan siyasa, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro yayin da zaɓe ke matsowa. Ranar da ɗan takara ya saya muku data ko ya ba ku babur don ku yi wa abokin hamayyarsa zambo, kun koma sojojin baka, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jama'a ba sa daɗewa ba su gane wanda aka saya ba. Idan kun yi wasan taki aka yi dariya a dandali, washegari ku zauna da ƙungiyar manoman garinku, ku rubuta buhu nawa aka turo wa mazaɓa da nawa suka iso, ku sa hannu, ku kai wa kansila a gaban mai unguwa.