Fada Damien, wanda ya ƙi barin kutare

'Yan'uwa cikin Almasihu, muna yawan wa'azin ƙauna, amma ban ga wanda ya fassara ta da hannunsa kamar Fada Damien ba.

Ɗan ƙasar Beljiyam ne, an haife shi a 1840. Asali ma yayansa aka shirya turawa tsibiran Hawai aikin bishara, ciwo ya kwantar da shi, sai ƙanin ya roƙa a tura shi a madadinsa. A wancan zamani hukumar Hawai na kwashe duk wanda ya kamu da kuturta ta kai shi wani lungu na tsibirin Molokai, teku a gaba, dutse mai tsayi a baya. Wanda aka kai ya rabu da iyalinsa ke nan har abada. A 1873 bishop ya nemi masu sa kai, da nufin su riƙa zuwa bi da bi. Damien ya fara zuwa, ya ga halin da ake ciki, ya ce shi dai a bar shi nan.

Abin da ya yi a can ne ke taɓa ni. Ya wanke gyambo ya ɗaure. Ya gina gidaje, ya jawo ruwa, ya tattara marayu. Da hannunsa yake ƙera akwatin gawa, ya haƙa kabari, domin kada a jefar da ɗan Adam kamar mushe. Yana sa hannu a kwano ɗaya da masu dungulmin yatsu. Warin raunukan kan yi masa yawa har sai ya kunna lofe kafin ya iya zama a ɗaki, amma ya zauna ɗin. A Markus 1:41 Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, alhali da kalma ɗaya ma zai iya warkar da shi daga nesa. Wannan taɓawar Damien ya ɗauka da gaske.

Ba mala'ika ba ne. Yana da zafin rai da taurin kai, ya sha saɓani da na gaba da shi. Ni wannan ƙarfafa ni yake yi, domin Allah bai jira halinsa ya gyaru ba kafin ya yi aiki da shi.

Bangaskiyarsa kuwa a kaɗaici aka gwada ta. Akwai lokacin da, don gudun yaɗuwar cutar, aka hana shi hawa jirgin ruwan da ya kawo shugabansa, sai ya tsaya a kwale-kwale ya ɗaga murya ya furta wa shugaban zunubansa, mutane na ji. Daga baya ya tsoma ƙafa a ruwan zafi bai ji komai ba, ya gane cutar ta kama shi. Bai tambayi Ubangiji don me ba, ya ci gaba da gini har jiki ya ƙi. Ya rasu ran 15 ga Afrilu 1889 yana da shekara 49, kuma Fafaroma Benedict na 16 ya ayyana shi waliyyi a 2009.

Yau kuturta na da magani, kyauta ma ake bayar da shi, wanda ya fara sha kuma ba ya yaɗa ta. Duk da haka a garuruwanmu har yanzu daga nesa muke jefa wa kuturu sadaka, mu kau da kai. Wanda ya warke ma, mu nawa ne za mu matsa masa wuri a bencin coci, mu ba shi hannu lokacin gaisuwar salama?