Ranar da na ɗaura wa kabewa aure a Agege

Ni ɗan manomi ne, kuma ba na bari a manta. Shekara tara ina Legas ina sayar da kayan waya, amma da an taɓo hirar noma sai in gyara zama. Bakin nan nawa shi ya ja min.

Wani abokin ciniki ne ya ba ni iri a 'yar takarda, da hoton wani abu kore dogo kamar kokwamba. Ya ce kabewar Turawa ce, zukini ake ce mata, kafin wata biyu an fara ci. Na ce kabewa ai kabewa ce. Na cika buhunan shinkafa uku da ƙasa da kashin kaji, na jera su a bayan gidan hayarmu, kusa da tankin ruwa. Na ce wa uwargida ta daina aike kasuwar Mile 12, daga yau miyar taushe daga gonata za ta fito.

Kwana shida iri ya tsiro. Da ruwan Legas ya samu wuri, ganye ya baje kamar faifai, furanni rawaya suka cika buhu. Amma kullum sai in tarar sun zube, ba ɗa ba jika. Na zargi kajin maƙwabta. Na zargi yaran gidan. Har kambun baka sai da na zarga.

Bayan sallar Juma'a na kai kuka wurin wani dattijo Bazazzagi mai lambun alayyafo. Ya ce, "Yaro, furen nan akwai mace akwai namiji. Na farkon yawanci maza ne, dole su zube. Macen za ka ga ɗan ƙanƙanin ɗa a gindinta. Ƙudan zuma ke haɗa su. Akwai zuma a unguwarku?" Na ce, "Baba, daga sauro sai hayaƙin janareto." Ya ce, "To kai ne zumar."

Furen da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Don haka ina sallame asuba na tsuguna da jallabiyata, na tsinko namiji, na cire masa riga, ina goga garinsa a cikin macen ina bismillah ƙasa-ƙasa. Ban ankara ba sai muryar Iya mai gidan a kaina: "Alhaji, me kake yi min a gida da duku-duku?" Da na yi shiru da ya fi. Sai na ce, "Iya, aure nake ɗaura musu."

Mako guda ba ta amsa gaisuwata ba. Na kuma kama ta tana yayyafa wa buhunan ruwan addu'a daga nesa. Da 'ya'ya suka fara kama, ta ce aikin addu'arta ne, saboda haka tana da kaso. Ta tsinke ƙanana uku ta tafi.

Baba ya ja kunnena cewa da ta kai taki ɗaya a cire, da ƙuruciyarta ake cin ta. Ni kuwa ɗan manomi, ina aka taɓa yanke kabewa ɗanya? Na bar tawa mako uku tana ƙiba har ta zama taɓarya. Da aka fasa, baya kamar ƙwarya, ciki soso da iri zalla. Uwargida ta daure ta zuba a taushe. Ba zaƙi, ba kauri, ba wannan jan launin. Ruwa kawai ta saki, tuwon shinkafa yana iyo a kwano kamar titin unguwarmu a watan Yuni. Yara suka ci shiru, irin shirun gidan makoki.

Washegari uwargida ta miƙo hannu: "Malam, kuɗin kabewa. Ta gaskiya." Ina cikin laluben aljihu sai ga Iya da fara'a, wai ta soya nata da ƙwai da albasa, daɗi kamar me, yaushe ne ɗaurin aure na gaba?