Kada a duba ƙarin a manta da jikin da ke ɗauke da shi

Da zarar an ce mutum yana da sarkoma, wato ciwon dajin da ke tsirowa a tsoka, kitse ko jijiyoyi, hankalin kowa kan tafi ga ƙarin: girmansa, zurfinsa, ko ya kai huhu. Ba laifi. Sai dai an cika barin wata tambaya a baya: jikin da za a yi wa tiyata a kuma ɗura wa magani mai ƙarfi, a wane hali yake?

Likitoci sun daɗe da lura cewa majinyacin da sinadarin albumin na jininsa (wani nau'in furotin da ake dubawa don sanin halin da jiki yake ciki) ya gaza giram 3.5 a desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ya fi shan wahalar warkewar ɗinki, kuma sau da yawa ba ya daɗewa kamar waɗanda nasu ke daidai. Tun 1984 likitan Japan Onodera ya haɗa albumin da yawan ƙwayoyin jini masu kare jiki ya fitar da ma'aunin ƙarfin jikin majinyaci kafin tiyata. Gwaji ne mai sauƙi, jini kaɗan ake ɗiba.

A sarkoma, sikeli kansa yana iya ruɗin mutum. Ƙarin da ke can bayan hanji kan girma har ya kai kilo da yawa, sai ka ga nauyi bai ragu ba, wando ma ya matse, alhali damtse ya zube, kumatu sun faɗa, agogo yana lilo a hannu. Wanda ya dogara da lambar sikeli kawai zai ce lafiya lau.

Kada kuma a ɗora wa masu jinya laifi. Albumin na sauka ne har saboda kumburin da ciwon ke haddasawa a jiki, ba don ƙarancin ci kaɗai ba, kuma ɗura abinci da ƙarfi ba ya maido da tsokar da ciwon ya cinye. Abin tausayi ne ganin uwa riƙe da cokali tana roƙo, ɗa yana kau da kai.

Ni dai ra'ayina, a fara auna albumin da ramar jiki tun ranar farko, ba sai ana gobe tiyata ba. Mai kilo 60 da ya rasa fiye da kilo 3 cikin wata 6 ba da nufinsa ba ya kai mizanin ramar ciwon daji da masana suka amince da shi a 2011. Irin wannan a haɗa shi da masanin abinci a makon da aka haɗa shi da likitan tiyata.