Kuɗin ƙofa daban, kuɗin lilo daban: yadda aka yi mana sakiyar da ba ruwa a yawon Sallah

Na bari sai da aka kwana biyu zuciyata ta ɗan sauka kafin na zauna rubuta wannan ƙorafi, domin da a daren da muka dawo Bauchi na rubuta shi, da na faɗi maganganun da ba su dace da mai shekaruna ba. Duk da haka har yanzu raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Wata bakwai na yi ina zubin adashe a wurin aiki, na haƙura da ɗinkin Sallah, uwargida ma ta yafe atamfar da na yi mata alkawari, duk don mu cika wa yara burin da suka daɗe suna damunmu da shi, wato a kai su babban wurin wasa irin wanda suke gani a waya. Abin da muka samu shi ne yini guda na tsayuwa a layi, da aljihu wayam, da yarinya 'yar shekara biyar wadda ta yi ta kuka tun daga Abuja har muka wuce Akwanga.

Wani ofishin shirya tafiye-tafiye ne a nan cikin gari, wanda ba zan kama sunansa ba, ya liƙa tallar kai iyalai Abuja a Babbar Sallah. A jikin takardar akwai hoton wata fada mai dogayen hasumiyoyi shuɗaye, tartsatsin wuta na tashi a samanta, kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa komai da komai yana cikin kuɗin. Sai daga baya ɗan farina ya nuna mini cewa wannan fada ba ta Abuja, ba ta ma Afirka baki ɗaya, tana wurin wasan Disney ne da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, wanda aka buɗe tun 1971. Amma a ranar da na je biya, saurayin da ke kan tebur ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Alhaji, kai dai ka biya ka kwantar da hankalinka, da zarar kun shiga ƙofa magana ta ƙare." Ni kuma da ban taɓa taka irin wurin ba, na ƙirga masa kuɗin mutum shida, na sayi kifi a ruwa.

Washegarin Sallah bayan asuba muka tashi, muka bar hawan dawakin Sarki a baya, kallon da tun muna yara muke yi ba a taɓa karɓar mana ko sisi ba. Muka ratsa Jos, muka gangara Akwanga da Keffi, cunkoson Mararaba da Nyanya ya cinye abin da ya rage na hantsi, sai bayan ƙarfe ɗaya muka isa. A bakin ƙofa aka ɗaura wa kowa wata 'yar takarda a wuyan hannu, yara suna ta tsalle, ni ma har na fara jin cewa wahala ta biya.

Taku ashirin da shiga na gane abin da na saya. Kowane abin hawa yana da rumfarsa ta sayar da tikiti: lilon dawaki da kuɗinsa, motocin karo da nasu, jirgin nan mai hawa da gangara a kan dogo da nasa, har katifar iska da ƙananan yara ke tsalle a kai sai an biya. Takardar hannun nan izinin tsayuwa a fili kawai ta ba mu. Wannan shi ne babban kuskuren da yawancinmu muke tafiya da shi, cewa kuɗin ƙofa ya wadatar, alhali tsari biyu ne a harkar wuraren wasa a duniya. Akwai inda ake biya sau ɗaya a ƙofa a hau komai, akwai kuma inda kuɗin shiga ba shi da yawa amma kowane lilo sai an sake zaro kuɗi. Shi kansa Disneyland na Kalifoniya, wanda aka buɗe a 1955, da ɗan littafin tikiti ake yawo a cikinsa ana yagar ɗaya a kowane abin hawa, sai a 1982 suka daina suka koma biya ɗaya. Saboda haka ban ce karɓar kuɗin kowane lilo haramun ba ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a san gaskiyar tsarin, a dubi magidanci mai albashi a ce masa komai yana ciki, don an tabbata cewa idan ya riga ya yi tafiyar awa bakwai da yara huɗu, ba zai iya juyawa da su ba. Wa zai dubi idon ɗansa a gaban lilo ya ce a koma mota?

Na tsaya gefe ina lissafi a zuci, na ga idan kowane yaro ya hau abu uku kacal, na kashe fiye da kuɗin ƙofarmu gaba ɗaya. Uwargida ta matso ta ce a hankali, "Malam, a rage, kowa ya hau bibbiyu, ni ba sai na hau komai ba." Na miƙa kati, aka ce na'urar POS ba sabis. Na ce zan yi tiransifa, aka ce sai tsabar kuɗi. Sai da na fita waje wurin mai POS na bakin titi, wanda ya ninka cajinsa saboda ya san ba ni da mafita, sannan na dawo ina roƙon mai gadi ya bar ni in shiga wurin da na riga na biya.

Sai kuma layi. Mu a tunaninmu ranar Sallah ce ranar zuwa irin wannan wuri, kuma kowa haka yake tunani, shi ya sa duk garin da kewayensa suka juye a fili ɗaya a yini ɗaya. Fiye da awa guda yarana maza suka tsaya don hawan da bai kai minti uku ba, kuma ina kallo da idona wasu masu manyan riguna suna cusa wa yaron da ke tsaron ƙofa wani abu a hannu, ana shigar da 'ya'yansu ta gefe. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Da aka tada janareta sai aka ce ba zai iya ɗaukar manyan injuna duka ba, babban lilon nan mai kama da wilin keke, wanda tun daga titi ake hango shi kuma shi ya fi jan hankalin yara, ya tsaya cak bai sake motsi ba har muka bar wurin. Tikitinsa biyu suna aljihuna har yau. Na koma rumfa na ce a mayar mini da kuɗina, yarinyar ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Oga, ba a mayar da kuɗi." Na san man gas ya yi tsada, kowa a ƙasar nan ya sani, amma wanda ya san injinsa ba zai tashi ba, da wane dalili yake ci gaba da sayar da tikitinsa?

Wani abokin tafiya da ke kusa da ni ya yi tsaki ya ce ai wannan sai Najeriya, a Turai da Amurka ba a layi. Wannan ma wani ruɗin ne da ya kamata a daina yaɗawa. A can ma a lokacin hutun makaranta mutane na tsayuwar awa ɗaya ko biyu a kan abin hawa guda, kuma tsallake layi da kuɗi ya zama ciniki a fili: Disney sun kawo tsarin kama layi kyauta mai suna FastPass a 1999, a 2021 suka soke shi a wuraren wasansu na Amurka suka maye gurbinsa da na biya. Tikitin yini ɗaya a babban wurinsu na Orlando ya haura dala 100 tun 2015, yaro kuma da ya cika shekara 10 kuɗin babba zai biya, ban da jirgi da masauki da abinci, ban da dala 185 ta neman biza wadda ba a mayarwa ko an hana ka. Bambancin da ke akwai shi ne a can an rubuta maka komai kafin ka biya, idan ka shiga ka san ramin da ka faɗa da ƙafarka. Mu kuwa sai an rufe ƙofa ake karanta mana sharaɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na autata. Tun a gida take cewa jirgin ƙasa za ta hau, na saya mata tikiti, ta bi layi tare da yayyenta ba ta ko ƙorafin rana ba. Da aka zo kanta sai aka tsayar da ita jikin wani katako mai jan layi. Na gan ta da sabon takalminta na Sallah da lallen da ke hannunta, ta ɗage a kan 'yan yatsun ƙafa, ta miƙe wuya iya ƙarfinta, amma saura kamar faɗin yatsa uku kanta ya taɓa layin. Yaron ya ce, "Ba ta kai ba, a ja ta gefe." Ta juyo ta ce, "Abba, ai na girma." Ban sami abin da zan ce mata ba. Dokar tsawo ba ni da ja da ita, don tsaron rai aka yi ta, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera ba ya kama ƙaramin jiki, kuma ko a Orlando akwai abin hawan da sai yaro ya kai santimita 112 ake barinsa. Mu ne muke ɗauka cewa tunda wurin yara ne, kowane yaro zai hau komai, alhali manyan injunan an ƙera su ne don matasa da manya. To amma me ya hana a kafa katakon nan a gaban rumfar tikiti? Me ya sa sai bayan an karɓi kuɗi, yarinya ta sha rana a layi, sannan a tuna da awo? Wannan ba mantuwa ba ce, dabarar cin kuɗin mutane ce, kuma Allah yana gani.

Maganar abinci ba zan tsawaita ta ba. Uwargida ta kwana tana suyar naman layya, ta yi dambu, ta daskarar da zoɓo, a ƙofa aka ce ba a shiga da abincin waje, muka bar kular a mota cikin rana. A ciki robar ruwa ninki uku ce ta kuɗin waje. Wurin alwala famfo ɗaya ne ga dubban mutane, shi ma yana ɗiga kamar hawaye. Da la'asar hadari ya haɗo aka kashe komai, shi ke nan yini ya ƙare.

Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma a nan dole in juyo kanmu. A motar dawowa babu magidancin da bai yi Allah ya isa ba, wani har ya rantse ko kyauta aka ce ya dawo ba zai zo ba. Gari na wayewa na buɗe waya, sai ga mutanen nan ɗaya bayan ɗaya sun ɗora hotuna a WhatsApp da Facebook, an tsaya gaban lilon da bai juya ba ana murmushi, an rubuta cewa an sha shagali. Babu wanda ya ce an cuce shi, domin faɗin haka kamar amsa cewa ba ka waye ba ne, ko kuma ƙarfinka bai kai ba. Da wannan kunyar tamu masu ofishin nan suke ciniki. Maƙwabci ya ga hoto, matarsa ta gani, 'ya'yansa su tasa shi gaba, shi ma ya shiga adashe, ya je a yanke shi, ya dawo ya ɗora nasa hoton. Ni ma, in faɗi gaskiya, sai da na ɗora ɗaya kafin kunyar kaina ta kama ni na goge.

Masu ce mini da Yankari na kai yaran, na ji, kuma kusa take, ta hanyar Dindima ka shiga Mainamaji. Sai dai kada mai zuwa can ma ya tafi da irin ruɗin da na tafi da shi. Yankari daji ne mai faɗin murabba'in kilomita sama da 2,200, ba gidan zu ba ne da aka ɗaure giwa tana jiran baƙi, kuma a damina ciyawa ta yi tsawo, dabbobi sun bazu saboda ruwa ya samu ko'ina, sai rani ya yi nisa suke taruwa a bakin kogin Gaji. Abin da ba ya saɓa alkawari a can shi ne ruwan Wikki mai ɗuminsa na wajen digiri 31 dare da rana, sai birai masu fizge leda a hannun wanda ya yi sakaci. Su dai biran ba su taɓa ce wa kowa komai yana ciki ba.

Ranar Litinin na koma ofishin da tikiti uku da ba a yi amfani da su ba, na ajiye su a kan tebur. Saurayin nan ya ce manaja ba ya nan, ya kuma jawo takardar talla ya nuna mini wani ɗan rubutu a can ƙasa, ƙanana kamar ƙwayar gero, cewa kuɗin ya ƙunshi mota da shiga. Na ce masa, "Ɗana, ranar da na zo biya me ya hana ka nuna mini wannan?" Ya ce, "Ai Alhaji ba ka tambaya ba." A bayansa an riga an liƙa sabuwar talla ta hutun ƙarshen shekara, da hoton fadar nan dai mai shuɗayen hasumiyoyi. Na kwashe tikitina na fito. Da na isa gida na tarar autar ta sa yayanta ya ja mata layi da gawayi a bangon zaure, tana tsaye a jikinsa ba takalmi, tana tambaya ko yau ta kai.