Tambari muna gani kullum, shi mai zanen fa?

Jama'ar Zazzau ina gaisuwa daga nan Nima a birnin Akra. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, tambarin Najeriya ɗin nan mai dawakai biyu farare da jan gaggafa a sama da baƙar garkuwa mai alamar kogin Neja da Binuwai, tun muna firamare aka koya mana ma'anar kowane abu a jikinsa har furannin da ke ƙasa, amma wallahi ba malamin da ya taɓa ce mana ga sunan wanda ya zauna ya zana shi. Ku gwada ku tambayi mutum goma a Sabon Gari ko Tudun Wada ku ji.

A nan Gana kuwa yarana na dawowa daga makaranta da sunaye a baki. Amon Kotei shi ya zana tambarin ƙasar a 1957, mai gaggafa biyu da baƙin tauraro wanda ke jikin takardun sidi, ita kuma tuta Theodosia Okoh ce ta zana. Matar nan tun tana raye aka sa wa filin wasan hoki na ƙasa da ke Akra sunanta, kuma ba wai ƴan siyasar nan waliyyai ba ne fa, a 2013 sai da hukumar birnin ta cire sunanta ta maƙala na marigayi shugaba Atta Mills, jama'a suka yi caa a rediyo da jaridu, dole aka mayar. Abin da ya burge ni kenan, mutanen gari sun san ta har za su iya yin faɗa a kanta. Da ta rasu a 2015 aka sassauto da tutar da ta zana da hannunta.

To mu fa? Namu da aka sani shi ne Taiwo Akinkunmi mai tuta. Yana ɗalibi a Landan ya ga sanarwar gasa ya aika da zanensa, har da jar rana a tsakiyar farin, kwamiti ya cire ranar ya bar kore fari kore, aka ba shi fam 100 shi kenan an sallame shi. Mutumin nan ya dawo ya yi aikin gwamnati a Ibadan ya yi ritaya ya tsufa, sai 2014 lokacin Jonathan aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa ta OFR, shekara hamsin da ɗoriya bayan aikin kenan. Ya rasu a watan Agustan 2023 yana da shekara 87, iyalansa suna jiran jana'izar girmamawa da aka yi musu alkawari, gawa na ajiye har shekara guda, sai Satumban 2024 aka binne shi. Mu da addininmu ya koya mana gaggauta sutura ai ko ji ba ma iya yi.

Ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan halin ba gadonmu ba ne a Zariya. Masallacin Juma'a na cikin gari da aka gina zamanin Sarki Abdulkarimu wajen shekarun 1830, kowa ya san maginin, Muhammadu Durugu, Babban Gwani. Ba a ce masallacin sarki kawai aka yi shiru ba, an ba mai aikin sarauta, ga unguwa guda tana amsa sunan Babban Gwani har gobe, masu karatun zanen gine-gine daga ƙasashen waje suna zuwa kallon bakan gizon da ya ɗaura da azara da laka. Kakanninmu da ba su da ma'aikatar al'adu ba su da kasafin kuɗi sun riƙe sunan magini kusan shekara ɗari biyu, mu masu kwamfuta da intanet in aka ƙaddamar da sabon tambarin jiha ko na ƙaramar hukuma sai ka ga hoton gwamna da ciyaman da kwamishina suna yaye ƙyalle, yaron da ya kwana yana zanen yana can bayan rumfa ko kujera bai samu ba, wata ƙila ma cikon kuɗinsa yake bi.

Wani zai ce ai kwangila ce an biya shi, me kuma yake nema. Na yarda an biya, amma shi ma ɗan kwangilar titi an biya shi kuma ga allonsa nan a bakin hanya da sunan kamfani ɓaro-ɓaro. Titi ya fashe bayan damina uku, tambari kuwa yana nan kan takardar shaidar haihuwa da ta kammala makaranta da ta fili har jikoki.

Kuma in akwai garin da bai kamata ya yi sake da wannan ba to Zariya ce. A nan aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, duniya ta san su da sunan garinmu. Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ce ta ba Ladi Kwali mai tukwane digirin girmamawa a 1977, yau ga ta a bayan naira 20, wato dai mun iya in mun ga dama.

Shawarata ga ƴan'uwa da ke Samaru, malamai da ɗaliban sashen zane da na tarihi, ga Gidan Arewa nan a Kaduna ƙarƙashin jami'arku yake, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk a Kaduna, tafiyar awa ɗaya ce da ƴan mintuna. A ba ɗalibi furojet ya tono fayil ɗin da aka amince da dagin Arewa a matsayin alamar gwamnatin Sardauna, da na tambarin jihar Kaduna, a fito da sunayen waɗanda suka yi aikin, in suna raye a je har gida, in sun rasu a nemo ƴaƴansu, sannan a kai wa masu rubuta littafin firamare su ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin hoton.